Amsoshin Tambayoyinku: Masu Shirin Taka Kwarin Gashaka

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce shi da abokansa suna son su bi kwarin Gashaka da ƙafa a hutun Agusta. Ya dace?

Bai dace ba, ƙanena. Damina a kudancin Taraba ba irin ta Zariya ba ce. Daga garin Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake, zuwa ƙauyen Gashaka sai an tsallake kogin Kam, a Agusta kuwa cike yake taf. Ku jira Disamba zuwa Maris.

Wani matashi daga Kano ya ga takalmin hawan dutse a intanet, da tambarin babban kamfanin waje, kuɗinsa bai kai rabin na kanti ba. Ya saya?

Kada ka saya. Kai da kanka ka san yadda dala take, ka san abin da ɗan kasuwa ke biya kafin kaya su iso Kano. To ta ina takalmi na asali zai faɗo rabin kuɗi? Jabu ne, tambarin kawai aka manna. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, mutum zai kashe kuɗi a kan tabarau da jaka mai sheƙi don hoto, sai an zo kan abin da zai ɗauki nauyin jikinsa wuni guda ya fara neman araha. Araha ba ta ado. Gam ɗin takalmin jabu ba ya jure ruwa, a kwarin nan kuwa za ka shiga rafi ka fita, ka taka duwatsu masu santsi, ka sake shiga wani rafin. Ranar da tafin ya ɓalle, babu mai gyaran takalmi a kusa, kuma abokan tafiyarka ne za su sha wahalarka. Wanda ya zame ya gurɗe a can, ɗaukarsa za a yi a kafaɗa.

Idan aljihu bai kai sabo na asali ba, je Ƙofar Wambai ka zaɓi gwanjo mai kyau, ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Amma shi ma gwanjon ka bincika. Lanƙwasa shi ka ga ko bakin tafin yana buɗewa. Danna robar tsakiya da farce: idan tana marmashewa, ta mutu a ajiya, bar musu kayansu. Ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa mai kauri, ka bar wa yatsu sarari saboda gangara. Sannan ka yi mako biyu ko uku kana yawo da shi a gari kafin tafiya, in ba haka ba zai fasa maka ƙafa tun ranar farko.

Wani kuma yana tambaya ko zai iya shiga ba jagora, tunda wayarsa na da taswira.

Gashaka-Gumti shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000. Akwai dorina a kogi, akwai ɓauna a daji, sabis kuma ba ko'ina ba. Je ofishin gandun a Serti ka biya, a haɗa ka da ma'aikaci. Ban son irin wannan tambaya.

Wata uwa daga Gombe ta ce ɗanta zai hau dutsen Chappal Waddi da ke gandun, ta kasa barci.

Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali, damuwarki ta uwa ce. Dutsen ya kai mita 2,419, babu wanda ya fi shi tsayi a Najeriya, amma da ƙafa ake hawansa, mutane na zuwa su dawo lafiya. Abin da nake tsoro masa shi ne sanyin dare da ruwan sha. Ki tabbatar ya ɗauki rigar sanyi mai kauri, bargo, gidan sauro, tocila da maganin zazzaɓin cizon sauro. Ruwan rafi komai haskensa a tafasa shi, don akwai shanu a saman tudu. Riga mai dogon hannu ma dole ce, saboda ƙudan tsando a ƙasan kwari. Kafin ya tashi ya tambayi ofishin gandun halin tsaron hanyar da za su bi, idan sun ce a dakata ya dakata. Ki karɓi lambar jagoransu da ranar da za su sauko. Idan kwana biyu ko uku suka wuce ba ki ji shi ba, yawanci rashin sabis ne. Idan ranar saukowa ta wuce shiru, ki kira ofishin Serti.