Tambaya da Amsa: Wane Takalmin Birki Zan Saya wa Keken Hawan Dutse Ba Tare da Aljihuna Ya Koka Ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a garin Bauchi, kuma bara na sayi keken hawan dutse na gwanjo, irin mai birkin faifai da ke aiki da mai. A ranakun aiki da shi nake zuwa makaranta, ranar Asabar kuwa mukan fita da abokaina wajen dam ɗin Gubi, wani lokacin har mu ɗora kekunan a mota mu tafi Dass. Yanzu birkin baya ya fara ƙara kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, na gaban kuma sai na matse hannun birkin ya kusa mannewa kafin ya kama. Na shiga kasuwa an nuna mini takalman birki iri uku, mafi tsadarsu ya ninka mafi arahar kusan sau huɗu, kuma kowane mai shago ya rantse nasa ne gangariya. A jikin birkin an rubuta Shimano MT200. Albashin malami kuwa ka san yadda yake. Wanne zan saya? Daga wani mai karatu, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu taɓa maganar saye, ina roƙonka ka jingine keken nan har sai an canza takalmin baya. Ƙarar da kake ji alama ce ta cewa abin da ke cizon faifan ya cinye, saura bayan ƙarfen da aka manna shi a kai, kuma kowace matsa da za ka yi daga yanzu faifan take sassaƙa, alhali faifai ya fi takalmi tsada.

Ka taimaki kanka da ka rubuto lambar birkin, domin abu na farko a wannan ciniki shi ne siffa, farashi yana zuwa ne daga baya. Takalman birkin faifai ba su da tsari guda, kowane kamfani da yankansa, kuma kamfani ɗaya ma yakan yi siffofi da yawa da ba sa shiga gidan juna. Naka yana cikin masu sa'a. MT200 yana cin takalmin da kamfanin Shimano ya daɗe yana kira B01S, wanda daga baya aka sabunta shi zuwa B03S, sannan B05S, duka ukun siffarsu ɗaya. Birkunan kamfanin Tektro da yawa, waɗanda suka cika kekunan gwanjo da ake saukewa a kasuwanninmu, su ma wannan siffar suke ci, saboda haka ƙananan kamfanoni da dama suna buga ta, kuma wannan yawan ne ya sa take da sauƙin kuɗi. Duk da haka kada ka tafi kasuwa da lamba kaɗai a baki. Ka cire tsohon takalmin, ka naɗe shi a takarda, ka je da shi Wunti ko Muda Lawal ko duk inda ka saba saye, ka ɗora shi a kan sabon ka ga kunnen da ramin ƙusar sun yi daidai. Na sha ganin mai shago ya ɗauko na kamfanin Avid ya ce ai duk ɗaya ne, a ɗan goge gefensa da zarto zai zauna. Kada ka yarda da wannan.

Abu na biyu shi ne abin da aka yi fuskar takalmin da shi, kuma a nan ne nake so mu ɗan daɗe. Iri biyu ne manya. Akwai wanda ake haɗawa da zaruruwa da wasu garuruwa a ɗaure su da ƙaro, wanda za ka ga an rubuta Resin ko Organic a kwalinsa. Akwai kuma wanda ake yi da garin ƙarfe, galibi mai haɗe da tagulla, a matse shi cikin zafi mai tsanani har ya dunƙule, shi kuma ana rubuta masa Metal ko Sintered. Tsakaninsu akwai ruwa biyu, wato na ƙaro da aka cuɗa masa garin ƙarfe. Na ƙaro ba shi da hayaniya, yana kamawa tun matsar farko ko da birkin bai ɗumama ba, yana tausaya wa faifai, kuma shi ne mai araha. Rauninsa biyu ne: taɓo da yashi suna cinye shi da sauri, sannan idan gangara ta yi tsawo ya ɗauki zafi sosai sai ƙarfinsa ya ragu a hannunka. Na ƙarfe yana jure zafi da laka, yana daɗewa, amma yana kuka musamman idan ya jiƙe, yana cin faifai, kuma yana tura zafi zuwa cikin gidan birkin da man da ke cikinsa.

Wanda ya karanta wannan zai ce to ai na ƙarfe ne ya dace da ƙasarmu, tunda duwatsun Dass da na Zaranda irin masu tsakuwa ne, kuma yashin da ruwan Agusta yake wankowa daga jikinsu, idan ya haɗu da laka ya shiga tsakanin takalmi da faifai, aikin samfefa yake yi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai akwai sharaɗi. Ka tsuguna ka goge faifan kekenka ka karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa. Faifan Shimano masu sauƙin kuɗi, irin su RT10 da RT26 da RT30 da RT56, waɗanda aka fi haɗa su da birki irin naka, suna ɗauke da rubutun RESIN PAD ONLY, ma'ana ƙarfensu bai kai taurin da zai ɗauki takalmin ƙarfe ba. Idan ka sa musu shi, ribar da ka ci a takalmi za ka mayar da ita a faifai har da ƙari. Shi kansa kamfanin takalmin ƙaro ya tsara wa MT200. Saboda haka ga mai keke irin naka, wanda kwana biyar a mako a kan kwalta yake tsakanin gida da makaranta, shawarata ita ce ka tsaya a kan na ƙaro, ka yarda cewa a damina za ka canza shi da wuri fiye da rani.

To cikin ukun da aka nuna maka fa? Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma a wannan kasuwa tsada ma ba hujja ba ce, domin jabun takalman Shimano sun yi yawa, a kwali mai kyau da shuɗin rubutu, ana sayar da su da farashin na ainihi. Ni a wurina mafi munin ciniki shi ne ka biya kuɗin gangariya ka tafi gida da jabu. Idan ba ka da tabbacin mai shagon, gwamma ka ɗauki na tsakiya, wanda ya fito da sunan kamfaninsa a fili bai ari rigar kowa ba, kamar na Tektro, ko na wani kamfanin da masu gyara suka riga suka gwada. Mafi arahar nan da ake zubawa a leda ba suna ba lamba shi ne nake tsoro, kuma ina da dalili. Shekarun baya na sayi irinsa a wani shago, ina saukowa daga wata gangara a bayan garin Dass sai na ji hannun birkin gaba ya tafi fayau ba tare da ya kama komai ba. Da Allah ya sa na tsaya da na baya, na duba sai na ga fuskar takalmin ta ɓalle gaba ɗaya daga bayan ƙarfenta, na tsince ta a cikin yashi kamar ɓawon gyaɗa. Zafi ne ya narkar da gam ɗin da aka manna ta da shi. Tun ranar nake juya takalmi a hannuna kafin in biya: in duba ko akwai 'yar tsaga tsakanin fuskar da bayan, in kankare gefensa da farce in ga ko yana marmashewa, in ɗora biyun baya da baya in ga ko sun kwanta sumul, sannan in matsa ɗan sifirin ɗin da ke raba su in ji ko yana da ƙarfin dawowa.

Idan kuɗin ba zai kai ka sayi mai kyau gaba da baya ba, ka sa mai kyaun a gaba, domin idan aka ja birki nauyin mahayi gaba yake komawa, kuma tayar gaba ce take ɗaukar mafi yawan aikin tsayarwa. Masu fuka-fukan sanyaya birki da za a iya yi maka tallarsu kuwa na wasu birkunan ne masu tsada, ba su shafe ka ba.

Amma bari in faɗa maka abin da na lura da shi a rumfunan masu gyara, wanda ya fi zaɓen kwali muhimmanci: yawancin takalman da ake zubarwa ba cinyewa suka yi ba, mai ne ya kashe su. Yaron shago zai gama zuba wa kaca baƙin mai, ya ɗauki wannan tsumman dai ya goge faifan da shi don ya yi ƙyalli, mai keke kuma yana tsaye yana jin daɗi. Fuskar takalmi tana shan mai kamar yadda soso yake shan ruwa, kuma da zarar ta sha, birkin zai riƙa kuka ba ya kamawa, ko na nawa ka saya. Man feshin nan na kwance tsatsa ma haka yake yi, har maiƙon yatsa bayan cin ƙosai yana iya ɓata shi. Faifai ana wanke shi ne da sifirit da tsumma mai tsabta wanda bai taɓa ganin mai ba. Takalmin da mai ya ɗan taɓa samansa ana iya goge shi a kan samfefa a gwada, wanda ya jiƙe kuwa sai dai haƙuri.

Wajen sawa, a cire taya, a zare ƙusar da ke riƙe takalman, a tura fistin biyun, wato abubuwan da ke ingiza takalman zuwa jikin faifai, su koma ciki a hankali da abu mai faɗi na roba, ba da bakin sukundireba kai tsaye ba. Kada kowa ya matsa hannun birki alhali taya tana waje, domin fistin zai fito ya ƙi komawa. Bayan an mayar da komai, kada ka nufi dutse nan take. Ka sami miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, ka ɗan ɗauki gudu, ka ja birki ɗaya da ƙarfi daidai har keken ya dawo tafiyar ƙafa ba tare da ya tsaya cak ba, ka sake, ka maimaita kamar sau 15 zuwa 20 ga kowane birki. Wannan yana shimfiɗa siririn abin takalmin a jikin faifan, kuma za ka ji da hannunka yadda cizon yake ƙaruwa daga matsa zuwa matsa. Mutane da yawa da suke cewa an sayar musu da jabu, wannan matakin kawai suka tsallake.

Game da hannun birkin gaba da yake nutsewa, mai yiwuwa sabon takalmi ya gyara shi, domin idan takalmi ya cinye sosai fistin yakan fito da nisa ya janye man da ke cikin ɗan tankin sama. Idan an canza kuma har yanzu yana da laushi kamar ana matsa burodi, to iska ce ta shiga, sai an fitar da ita. A nan ka tsaya a kan mai gyaran da idonka: birkin Shimano da na Tektro da man ma'adini na musamman suke aiki, na Shimano ja-ja ne, kuma idan aka ɗura musu man birkin mota mai lambar DOT, robobin ciki za su kumbura su lalace. Wasu birkunan, kamar tsofaffin na Avid, su ne masu shan DOT, kuma ba a gauraya biyun.

Don kada ka sake kaiwa ga ƙarar ƙarfe, ka riƙa haska tocila ta saman gidan birkin sau ɗaya a wata, a damina kuma bayan kowace fita cikin laka. Sabon takalmi kaurin fuskarsa kusan milimita 2 ne, kuma ƙa'idar Shimano ita ce a canza shi idan ya sauko zuwa 0.5. Katin cirar kuɗi na banki kaurinsa milimita 0.76 ne, saboda haka idan abin da ya rage bai kai kaurin katinka ba, lokaci ya yi. Faifan kuma sabonsa 1.8 ne, iyakarsa 1.5, an ma buga wannan adadin a jikinsa. Tunda na bayanka ya riga ya sha gugar ƙarfe, ka bi samansa da farce. Idan ka ji kwari-kwari masu zurfi ko wani tudu a bakin inda takalmi yake bi, a canza shi tare da takalmin, in ba haka ba zai cinye sabon cikin 'yan makonni.

TAMBAYA: Malam, nawa keken birkin faifai ne amma na waya, ba na mai ba. Na sa sababbin takalma wata biyu da suka wuce, yanzu kuma ya daina kamawa, alhali da sauransu da yawa. Ko jabu aka ba ni? Daga wata mai karatu, Gombe.

AMSA: Malama, da wuya laifin takalmin ne. Birkin mai yana matso da takalmansa da kansa yayin da suke cinyewa, na waya kuwa ba ya yin haka. A yawancin irin naki ɓangare ɗaya ne kawai yake motsi, ɗayan da ke ta ɓangaren sifokin taya a kafe yake, kuma a bayansa akwai wani noti ko maballi da ake juyawa, galibi da alanki, don a matso da shi kusa da faifai. Masu gyara da yawa waya kawai suke ja su bar wancan ɓangaren da nisa, sai faifan ya riƙa lanƙwasa kafin ya taɓa shi. Ki sa a juya notin kaɗan-kaɗan har takalmin ya kusa taɓa faifan ba tare da ya goge shi ba, sannan a daidaita wayar. Idan bayan haka yana kuka kuma yana santsi, ki tambayi wanda yake wanke miki keken da wane tsumma yake goge faifan.