Yadda za ka gano takardar rasuwar baffanka a Ingila

Ƙanenmu, ka ce a watan Satumba za ka zo karatu, kuma mahaifinka ya ɗora maka aikin gano inda aka binne ƙaninsa, wanda ya rasu a Ingila wajen 1996, labari ya iso gida ta waya kawai, babu takarda ko ɗaya. Allah ya jiƙansa da rahama. Aikin mai yiwuwa ne, kuma rabinsa za ka iya gamawa tun kafin ka hau jirgi.

Kada ka fara da neman sanarwar rasuwa a jarida. A nan iyali ne ke biyan kuɗi a buga ta, ba dole ba ce, kuma Musulmi ba su cika yi ba, a masallaci ake sanar da jana'iza. Abin da doka ta wajabta shi ne rajista. Tun 1837 ake rubuta mutuwa a Ingila da Wales, a ofishin rajista na yankin da mutum ya cika, ko da ba nan yake zaune ba. Kwafin komai yana zuwa babban ofishin rajista na ƙasa, General Register Office, wanda ake taƙaitawa GRO, a garin Southport. Kowa yana iya neman takardar shaidar mutuwa daga wurinsu, ba sai ɗan'uwan mamaci ba. Idan kuwa a Scotland ya rasu, GRO ba su da shi, sai ka duba shafin ScotlandsPeople. Ireland ta Arewa ma da nata ofishin.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne suna. Kundin rajistar ba ya sanin sunan da ake kiran mutum da shi a gida, abin da aka faɗa wa jami'in rajista shi ya rubuta, yawanci daga fasfo ko takardun asibiti. Wanda dangi suka sani da Mamman yana iya zama Mohammed, Mohamed ko Muhammad a kundin. Usman ya koma Osman ko Othman. Sunan mahaifi da na yanka sukan sauya wuri, wani kuma sunan garinsu ne ya zama sunansa na ƙarshe tun daga makaranta. Don haka kafin ka taso, ka zauna da mahaifinka a zazzage tsohuwar akwati: ambulan ɗin wasiƙar da ya taɓa aikowa, hoton da aka yi rubutu a bayansa, takardar makaranta. Ambulan ɗaya mai adireshin mai aikowa da hatimin gidan waya ya fi maka zaman wata guda gaban kwamfuta, domin zai ba ka rubutun sunan da kuma unguwa. Ka rubuta shekarar haihuwar da ke fasfonsa, ko da dangi sun san ba ita ce ta gaskiya ba, ita hukuma ta sani.

Sai ka buɗe asusu a shafin GRO, kyauta ne. Kundin mutuwa da suka sa a intanet ya ƙunshi 1837 zuwa 1957, sannan daga 1984 zuwa 'yan shekarun nan, saboda haka 1996 tana ciki. Za a nemi sunan ƙarshe, jinsi da shekara, kuma kana iya faɗaɗa binciken shekara biyu gaba da baya. Ka faɗaɗa, domin “wajen 1996” a bakin dattijo tana iya zama 1994. Ka gwada kowane suna nasa a gurbin sunan ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya. Idan ya bayyana cewa tun kafin 1984 ya rasu, shafin FreeBMD ne ke cike wannan giɓin. Shekarar haihuwa da yankin rajista su za su raba maka shi da masu irin sunansa, waɗanda a Landan ko Birmingham suna da yawa.

In ka same shi, ka kwafe lambobin da ke gefen sunan yadda suke, da su za ka yi odar takardar. Kuɗinta fam 12.50 ne tun 2024, ana ƙara wani abu idan ba ka ba da lambobin ba, kuma suna aikawa ƙasashen waje ta gidan waya. Akwai kamfanonin da ke shiga tsakani su ninka kuɗin, ka tabbata adireshin shafin da gov.uk ya ƙare.

Takardar za ta nuna ranar rasuwa, wurin da ya cika, sana'arsa, adireshinsa da musabbabin mutuwa. Amma layin da muka fi so ka duba shi ne na wanda ya kai rahoton: sunansa, adireshinsa, da dangantakarsa da mamaci. Mata ce, ɗa ne, aboki ne, ko ma'aikacin asibiti? Ta nan iyalai kan gano cewa ɗan'uwansu ya bar 'ya'ya. Idan haka ta kasance, kada ka je ka ƙwanƙwasa ƙofa ba sanarwa, ka rubuta gajeriyar wasiƙa mai ladabi ka jira amsa. Idan mutuwar ta fuju'a ce, jami'in binciken musabbabin mutuwa kan riƙe rajistar har a gama zaman bincike, shi ya sa wanda ya rasu a Nuwamba kan bayyana a kundin shekarar da ta biyo.

Takardar ba ta faɗin inda kabari yake. Wannan sai ka rubuta wa sashen maƙabartu na ƙaramar hukumar da ya rasu a cikinta, da ta inda yake zaune, ka ba su cikakken suna da ranar rasuwa, su ba ka sashe da lambar kabari. Ka tambayi masallatan unguwar ma, musamman masu wankan gawa. A yankin Landan mutane kan yi saurin ambaton maƙabartar Musulmi ta Gardens of Peace, amma sai 2002 aka buɗe ta, don haka ga wanda ya rasu a 1996 gara ka duba maƙabartun ƙananan hukumomi masu sashen Musulmi, da maƙabartar Brookwood a Surrey. Idan babu wanda ya fito ya karɓi gawa, wata dokar lafiyar jama'a ta 1984 ta ɗora wa ƙaramar hukuma yin jana'izar, kuma tana ajiye bayanin. Irin wannan kabarin sau da yawa ba shi da alama, sai ma'aikaci ya ɗauko taswira ya raka ka ya nuna maka wurin a cikin ciyawa. Ka shirya wa mahaifinka zuciya tun yanzu.

Batun gado kuma, akwai shafin gwamnati na neman wasiyya da takardar izinin raba dukiya, da suna da shekarar rasuwa ake bincike. Dukiyar wanda ya mutu babu wasiyya kuma babu magajin da aka sani tana komawa hannun gwamnati, kuma shekara 30 daga ranar rasuwa ne iyakar wa'adin da dangi za su nema. Ga 1996 wa'adin yana cika a 2026, don haka da zarar ranar rasuwar ta zo hannunka ka lissafa. Idan kuma kotu ko banki a gida ne za su karɓi takardar, ka tambaye su tun da wuri ko suna buƙatar hatimin ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya da na ofishin jakadancin ƙasarku, ka yi odar kwafi biyu, ɗaya a buga masa hatimi, ɗaya ya zauna a hannun mahaifinka.