Muna jiran zuciya, maigida ya daina magana

Tambaya: Anti, watanmu biyar a Indiya, maigidana na jiran dashen zuciya. Ya daina hira, abu kaɗan sai faɗa. Ni kuwa waya na yin ƙara sai gabana ya faɗi. Kullum ina addu'ar a samu zuciya, alhali sai wani ya rasu za a samu. Ina da alhaki?

Amsa: Ƙanwata, ba ki da alhakin kowa. Lafiyar mijinki kike roƙo, ajalin wancan bawan Allah ba a hannunki yake ba.

Faɗuwar gaban ma da dalili. Zuciyar da aka ciro awa 4 zuwa 6 kawai take jurewa, don haka kiran asibiti cewa an samu zuciya kan iya zuwa da tsakar dare. Haɗa jakar asibiti ki ajiye bakin ƙofa, ki samu ki runtsa.

Shirun maigida, a ganina, tsoro ne da takaici: mai riƙe da gida ya koma ana ɗawainiya da shi. Daina tambayarsa "ya jiki?" sau goma a yini. Nemi shawararsa kan kuɗin makarantar yara, ko wa za a bar wa shago. In ya ƙi abinci ko barci ya ƙaurace masa, ki gaya wa likitocinsa su haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa, ku biyun.