Filin Tambaya da Amsa: Ta ina zan fara koyon tsara rumbun bayanai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a fannin kimiyyar kwamfuta, ina so in ƙware wajen tsara rumbun bayanai. Wasu sun ce in fara da MySQL, wasu sun ce PostgreSQL, har na rasa na kamawa. Don Allah ku haska min hanya. Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki ajiye zancen manhaja tukuna, biro da takarda ne farkon aikin. Ki roƙi wani mai shagon kayan masarufi ya nuna miki littafin cinikinsa, ki duba abin da yake rubutawa: wa ya saya, me ya saya, nawa, yaushe, ya biya ko bashi ne.

Daga nan ki fitar da tebur huɗu, wato jadawalin da ake jera bayanai layi-layi: na abokan ciniki, na kaya, na ciniki, da na kayan da ke cikin kowane ciniki. Na huɗun ne masu koyo suka fi mantawa, alhali shi ke ba mutum damar sayen shinkafa da sabulu a rasit ɗaya. Kowane layi ki ba shi lambar shaida tasa. Kada ki dogara da suna, domin a layi ɗaya na unguwa sai ki samu masu suna iri ɗaya har uku.

Babbar ƙa'ida ita ce kowane bayani a wuri ɗaya kawai za a rubuta shi. A ce lambar wayar mai saye tana rubuce a layuka har 40 na ciniki, sai ya sauya lamba, kin gyara 39 kin manta ɗaya. To wacce ce ta gaskiya? Irin wannan matsala na cikin abin da tsarin tebura masu alaƙa ke magancewa, tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya gabatar a 1970. Amma farashi daban ne: ki rubuta shi a kan ciniki a ranar da aka saya, in ba haka ba ranar da kuɗin shinkafa ya tashi, tsofaffin rasit duk su canza.

Sai yanzu ki buɗe kwamfuta. SQLite, wata ƙaramar manhajar rumbun bayanai, ya ishe ki, kyauta ne, fayil ɗaya ne, kuma DB Browser for SQLite zai nuna miki teburan a fili. Ki kunna tsarin da ke tabbatar da alaƙar tebura da umarnin PRAGMA foreign_keys = ON, domin a kashe yake zuwa, kuma in ba a kunna shi ba, rumbun zai karɓi ciniki na mutumin da babu shi a teburin abokan ciniki.

Lambar waya ki ajiye ta a matsayin rubutu, domin a matsayin lamba sifirin farko na 080 zai ɓace. Kuɗi ki ƙirga su da kobo, ba tare da ɗigo ba. Kwanan wata kuma shekara, wata, rana, kamar 2024-03-15, don ya jeru daidai.

Ki shigar da ciniki 30 da hannu, sannan ki tambayi rumbun da umarnin SELECT (zaɓo bayanai) da JOIN (haɗa tebura): su wa ake bi bashi, kuma nawa? In amsar ta yi daidai da littafin mai shago, ki koma PostgreSQL ki sake gina shi a can.