Land Rover ɗin da Baba ya bari: Series IIA ce ko Series III?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗan Damagaram ne, a unguwar Birni nake. Mahaifinmu, Allah ya jiƙan shi, ya bar mana wata tsohuwar Land Rover da yake kwaso gero da wake da ita daga gonarshi ta wajen Mirya, ta daɗe a ajiye yanzu muna son mu tada ta. A kart giriz, wato takardar rajistar motar, an rubuta 1974. Wani makaniki ya ce Series III ce station wagon, wato ta ɗaukar mutane, wani kuma ya rantse Series IIA ce. Doguwa ce, fitilunta suna gefe-gefe ba a tsakiya ba, ragar gabanta ta ƙarfe ce, agogunan suna tsakiyar tablo, ƙofofi biyu ne a gaba sai ɗaya a baya, rufinta kuma biyu ne wani bisa wani. Dan Allah ta yaya zan gane, kar in je in sayo piyes ɗin da ba nata ba.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. To gaskiya daga abun da ka lissafo ni na fi karkata ga makaniki na biyu, motar nan ta fi kama da Series IIA ta ƙarshe-ƙarshe, wadda aka ƙera tsakanin 1969 da 1971, doguwa mai inci 109, kuma ba station wagon ba ce. Amma kar ka tafi kasuwa da maganata tukuna, sai ka shiga ƙarƙashinta ka duba, saboda jikin Land Rover riga ce kawai, da noti aka ɗaura shi a kan shasi, ana tuɓewa a sa mata wata. Motar da ta haura shekara 50 tana aikin gona a ƙasar nan da wuya ka same ta da kayan da ta fito da su daga kamfani gaba ɗaya, ƙofar wannan ce, kapon waccan ne, rufin kuma na wata motar ma'aikata da aka yi gwanjonta.

Dalilin da ya sa take haka tun asali ne. Motar manoma aka yi ta, kamfanin Rover ya fito da ita a 1948 a garin Solihull na Ingila, bayan yaƙin duniya na biyu lokacin ƙarfe ya yi wuya, sai suka yi jikin da alminiyom, fale-fale, yadda manomi zai cire rufi yau ya ɗora tamfal gobe ya mayar da rufin ƙarfe. Shi ya sa abu na farko da nake cewa mutum ya yi, ya samu maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika ne, ya zagaya motar da shi. Duk inda bai kama ba to alminiyom ne na asali. Inda ya kama a gefen akwatin baya ko a fatar ƙofa, to aikin masu walda ne na nan gida, sun buga tol sun shafa fenti. Wuraren da ya kamata ya kama su ne shasi, da bangon nan da ya raba injin da wurin zama, da firam ɗin cikin ƙofofi, da ƙarfen nan mai ruwan toka da aka bi gefen akwatin da shi.

Sai awo. Ka ɗauki mita ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar tayar baya. In ka samu wajen mita 2 da santimita 77 to inci 109 ke nan, in mita 2 da santimita 24 ne to gajeruwa ce mai inci 88. Waɗannan biyun su ne aka yi ta yi daga 1956 har 1985. Kafin su akwai 80, da 86, da 107, duk Series I, kuma su ba sa ɓuya, gefensu a miƙe yake sumul daga sama har ƙasa. Daga Series II ta 1958 ne jikin ya samu ɗan kumburin nan a ƙasan gilashin ƙofa da ke tafiya tun daga gaba har baya. Taka tunda fitilunta suna gefe na san tana da shi.

Yanzu maganar fitila, wadda ita ce ta ruɗi makanikinka na farko, kuma ba shi kaɗai ba, mutane da yawa sun ɗauka duk Land Rover ɗin da fitilunta suka fita daga tsakiya suka koma kan kafaɗun da suka rufe tayoyin gaba to Series III ce. Ba haka ba ne. An fara mayar da su gefe tun a Series IIA, a 1968 ga wasu ƙasashen da dokarsu ta buƙaci haka, a 1969 kuma ga kowa, ita ko Series III sai a 1971 ta fito. Don haka akwai shekara biyu zuwa uku da aka yi ta ƙera IIA mai fuskar da ta yi kama da ta III. Abun da ya raba su a fuska shi ne ragar: ta IIA waya ce ta ƙarfe, ta III roba ce. To amma ita ma raga ba shaida ba ce mai ƙarfi, ranar Damagaram ba ta barin roba, ta bushe ta farfashe, sai a nemo ta ƙarfe a ɗaura, kusoshi kaɗan ne. Ni ban taɓa yanke hukunci da raga ba.

Tablo ne ya fi faɗin gaskiya, don shi yana jikin bangon gaba, kuma canza bangon nan babban aiki ne, sai an sauke gilashi da ƙofofi da sitiyari da wayoyi duka. A Series II da IIA tablon ƙarfe ne tsirara, agoguna biyu masu zagaye a tsakiya, direba sai ya karkata ido dama kafin ya ga gudun da yake. A Series III an lulluɓe shi da baƙar roba kuma agogunan sun dawo gaban direba ta bayan sitiyari. Kai ka ce naka suna tsakiya, to wannan kaɗai ya kai rabin hukunci. Ka ƙara da duba maƙalan ƙofa: na IIA sun turo waje, masu kauri ne, har suna kama riga in mutum ya goga, na III kuma a kwance suke shafal da jikin ƙofa. Sannan in kun tada ta ka saurari giya. Galibin IIA ba su da abun daidaita gudu a giya ta ɗaya da ta biyu, in ba ka taka kuloci sau biyu ba sai ka ji ƙarrr, tsofaffin direbobi sun san wannan rawar ƙafa, ita ko III duka giyoyin huɗu suna shiga lafiya. Sai dai nan ma ana musanya bwat ɗin, wato akwatin giyar, gaba ɗaya, don haka shaida ce ta ƙari kawai.

To 1974 ɗin da ke kart giriz fa? Wannan bai dame ni ba sam. Abun da takarda ke nunawa shi ne ranar da aka fara sa motar a hanya ko aka yi mata rajista, ba ranar da ta fito daga kamfani ba, kuma mota kan yi zaman jira a tashar jirgin ruwa ko a wajen dila, ko ta fara aiki a wata ƙasa kafin ta shigo a sake mata takardu. Kar ka je ka ce wa mai piyes "ta 74 ce", zai miƙo maka na Series III ka dawo gida ka yi ta fama.

Batun station wagon kuwa, rufi mai hawa biyu ba shi ke mayar da mota station wagon ba. Wannan rufin an yi shi ne saboda ƙasashe masu zafi irin namu, fallen sama yana tare rana, iska tana ratsawa ta tsakani, kuma akwai ƴan ƙofofin iska a ciki da ake turawa sama, wallahi har yau ban ga dabarar da ta fi shi sauƙi ba, a watan Afrilu za ka gode wa wanda ya ƙirƙiro shi. Ana iya sayen shi a ɗora wa motar kaya ma. Doguwar station wagon ta gaske ƙofofi biyar gare ta, biyu a kowane gefe da ɗaya a baya, tana da ƴan tagogi dogaye masu lanƙwasa a kafaɗar rufin, kujerun mutum 10 ko 12, kuma tankinta yana can baya, bakin zuba mai ma yana baya. Doguwar ta kaya kuwa tankinta yana ƙarƙashin kujerar gaba ta dama, bakin zuba man yana daf da bayan ƙofar dama. Ka je ka duba inda Baba yake zuba mai, ka samu amsa. In kuma ba ka ga bakin zuba mai a waje ba ko kaɗan sai an ɗaga kujera, to ka fara tunanin tsohuwar motar soja ce, su haka ake yi masu, sau da yawa ma tanki biyu. Taka mai ƙofa uku ina kyautata zaton ta kaya ce, ko dai da rufin ƙarfe ta zo, ko kuma bashe ce mai tamfal daga baya aka rufe ta. Ka leƙa saman gefen akwatin, in ka ga ramukan da ake soka sandunan tamfal sun sha aiki, da ƴan ƙugiyoyin ɗaure igiya a gefe, to ta taɓa yawo da tamfal.

Duk wannan kallon jiki ne. Hukunci yana wajen lambar shasi. Akwai ƙaramin faranti a jikin bangon gaba, amma faranti ana cire shi a liƙa wani, don haka ka nemi wadda aka buga a jikin ƙarfen shasin kanshi, a gaba ta hannun dama, wajen da kan lam ɗin gaba, wato sifirin ɗin, yake maƙale. Za ka same ta a cushe da laka da tsohon fenti, ka sa buroshin ƙarfe da ɗan gazuwal a hankali, kar ka yarda yaron garaji ya sa mata injin gurza, zai share lambar ka shiga uku da ƴan duwan. Lambobi takwas ne da harafi ɗaya a ƙarshe, kuma ukun farko su ne labarin. In ta fara da 251 zuwa 255 to IIA ce doguwa ta kaya mai shan isansi, wato fetur, 276 zuwa 280 ita ce dai amma mai gazuwal, 261 zuwa 265 station wagon ce ta IIA mai isansi. Series III ta wancan zamani da 9 take farawa: 911 zuwa 915 doguwa mai isansi, 916 zuwa 920 mai gazuwal, 931 zuwa 935 station wagon. A cikin kowane biyar ɗin nan, ta huɗu tana nufin an ƙera ta cikakkiya a Ingila da sitiyari a hagu don a kai waje, ta biyar kuma sitiyari a hagu ne amma a akwatuna aka aiko ta aka harhaɗa a wata ƙasa. Ni in za a tambaye ni zan ce 254 ko 279 za ka gani. Waɗannan duk na injin mai silinda huɗu ne, lita 2.25, mai silinda shida lambobinta daban.

Abu biyu na iya ɓata wannan lissafin a yankinmu. Na farko Santana, wato Land Rover ɗin da aka ƙera da lasisi a garin Linares na ƙasar Sifen tun 1958, an kawo su Afirka da yawa, daga nesa ba ka raba su da ta Ingila, amma tsarin lambarsu daban ne kuma da tafiya ta yi tafiya sun riƙa canza abubuwa nasu na kansu, ka duba tambarin gaba da na baya da rubutun farantin, in ka ga Sifaniyanci to ita ce. Na biyu waɗanda suka hauro daga Najeriya. Can sai a 1972 suka koma tuƙi a hannun dama irin namu, don haka tsofaffin nasu sitiyarinsu a dama yake, wasu an juya masu shi bayan sun shigo. Ka duba bangon gaba ta wajen fasinja, in ka ga ramukan feda da aka toshe da tol to an juya ta, kuma kayan sitiyarinta sai an bi a hankali.

In ka tashi sayen piyes, ko nan Zinder ko ka gangara Kano wajen Ƙofar Ruwa, kar ka tafi da sunan mota kaɗai, ka tafi da tsohon abun a hannunka, don injin yana da tashi lambar, bwat yana da tashi, kuma ba lallai su zama sa'annin shasin ba. Birki musamman: gangar birkin doguwa inci 11 ce, ta gajeruwa ta wancan zamani inci 10, ka auna taka kafin ka biya kuɗi, don ana samun doguwar da aka sa wa ƙafar gajeruwa, ita kuma ba ta tsayawa da kyau in ta ɗauki buhuna. Notocinta ma yawancinsu awon inci ne na Ingila, sifanan milimita da ke garejinmu suna cinye masu kai, ka sa makanikin ya nemo na inci tun kafin ya fara kwancewa. Kuma kafin a ɗaura batir a duba wace waya ce ke zuwa jikin mota, waɗanda aka yi kafin 1967 wayar fulus ce ke zuwa jiki, na bayan nan wayar mayinas. Taka in lissafina ya yi daidai mayinas ce, amma a bi wayar da ido a tabbatar, kar a ƙona dinamo tun ranar farko.