Ƙanena mai butik a Tawa, kar ka jefar da niyyarka, lissafin za ka gyara

Wani ƙanenmu daga Tawa ya turo min saƙo, ya ce shekara biyu ke nan da ya buɗe butik na kayan abinci, shinkafa, mai, sukari, makaroni, da jarin miliyan 2 na sefa. Tun ranar farko ya yi wa kansa alkawali biyu: ba zai hana mabuƙaci bashi ba, kuma kayan da ya sayo da araha ba zai ƙara musu kuɗi ba ko da kasuwa ta tashi. Yanzu kanta ta fara zama fayau, bashin da ke cikin kaye, wato littafin bashi, ya kai jika 600, yayansa na ce masa kasuwa ba ta san tausayi ba, ko ya zama kamar kowa ko ya rufe. Yana tambaya, shin ya bar wannan ra'ayi?

Ƙanena, wallahi saƙonka ya taɓa ni, don irinku ba su da yawa, kuma ba na son ka rufe. Amma alkawalinka na biyu shi ke cinye ka, ya ma fi bashin. Ka ce ka sayo buhun shinkafa jika 11, ka sayar 12, ka koma wurin dila ka tarar ya zama 14. To ina ribar? Buhu 50 ka fitar, kuɗin da ya shigo hannunka jika 600, kuma a sabon farashi buhu 42 kawai zai sayo maka da ɗan canji, ka ga buhu 8 sun tafi ba ɓarawo ba gobara, kai kuma kana murna ka ci jika guda guda. Ka tuna abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO ta sa takunkumi, iyakar Benin ta rufe, kayan da ke biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, hanya ta yi tsawo, kuɗin mota ya hau, kusan komai ya tashi. Wanda ya riƙe tsohon farashi a lokacin nan jarinsa ya raba wa unguwa bai sani ba. Sayarwa da farashin da za ka iya sake sayo kayan ba zalunci ba ne. Zalunci shi ne ka ɓoye kaya a magaza kana jiran mutane su galabaita, ko ka danne tiya, ko ka gauraya tsohon mai da sabo ka yi shiru. Waɗannan kam kar ka kusance su ko yayanka ya ce kowa na yi.

Sai bashi. Na san yadda abin yake, tsohuwa ta zo da magariba da ɗan kwano, ta tsaya gefe sai kowa ya watse sannan ta matso ta ce a auna mata rabin tiya zuwa Juma'a, wa zai iya ce mata a'a? Ba ita ce matsalarka ba. Ka buɗe kayen nan yau da dare ka duba da kyau, na tabbata mafi yawan jika 600 ɗin nan yana wurin mutum biyar ko shida masu albashi da 'yan uwa, masu ɗaukar buhu da bido su ce ƙarshen wata, wata ya ƙare ka gan su da sabuwar waya. Su kunyarka suke ci. Kuma addinin da kake kafa hujja da shi bai ce ka yi sakaci ba, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi da sa masa lokaci take magana. Ta 280 kuma ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Mai ƙunci aka ce, ba mai taurin bashi ba.

Ga yadda zan so ka yi. Ka ware adadi, misali jika 100, ka ce wannan shi ne iyakar bashin da butik zai iya ɗauka, in ya cika sai wani ya biya kafin wani ya ɗauka, kuma ka faɗa wa mutane haka a fili ba tare da faɗa ba. Tsofaffi da marayun da ka san ba za su iya biya ba, ka daina rubuta su a kaye kana yaudarar kanka, ka fitar musu da wani abu daga ribar wata da sunan sadaka, ka samu ladarka cikakkiya. Ka kuma yanka wa kanka albashi, hannunka ya daina shiga tiruwa duk lokacin da aka yi suna ko biki.

Manyan masu bashin nan ka bi su ɗaya ɗaya, gida ba a bakin butik ba, ka ce ko jika biyar biyar ne duk wata su turo ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana, a rubuta a sa rana. Bayan wata uku ka ƙirga buhunan da ke cikin butik, ba kuɗin tiruwa ba, ka sake rubuto min adadin mu duba tare.