Ba faɗin hanya ne matsalarka ba, jiran sa hannu ne

Salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya da dare, na bari sai na samu zama don ba amsar layi biyu ba ce. Ka ce manhajarku ta rubuta sayen shinkafa tana kan MySQL, wato databes ɗin da ke ajiye bayanan, a laftof ɗinka layin bayanai 50,000 na shigewa nan da nan, amma da kuka mayar da fayilolin databes ɗin kan NAS na ofis (akwatin diski da ke kan netwok) ta NFS (hanyar raba fayiloli ta netwok) sai abu ya koma tafiyar hawainiya, alhali in ka kwafa babban fayil zuwa NAS ɗin gudu yake yi.

Wallahi irin wanga ya taɓa cin mini kwana uku a wani wurin da na yi ma aiki nan Birnin Kebbi, lokacin girbi ne kuwa, manoma sun yi layi bakin sikeli cikin rana, yaron da ke kan kwamfuta in ya danna sai ya naɗe hannu yana kallon allo, oga kuma ni yake kallo. Na zagi netwok, na canza suwic (akwatin da ke haɗa kebulan netwok), har kebul na sake ja. Ashe ba can take ba.

Gwajin kwafar fayil ɗin ne ke ruɗinka. Kwafar babban fayil kamar ka cika kwale-kwale da buhuna ne a Yauri ka haye sau ɗaya. Databes kuwa ba haka take ba, duk COMMIT ɗaya, wato umarnin tabbatar da abin da aka shigar, sai ta ce ma diski rubuta, kuma ba ta motsawa sai ya ce mata ya zauna daram, shi ne ake kira fsync. To ka ga buhu ɗaya ka haye, ka jira mai sito ya sa hannu, ka dawo ka ɗauki na biyu. Girman kwale-kwalen bai amfana maka komai ba.

Yi lissafin da kanka. In faifan cikin NAS ɗin masu juyawa ne sau 7200 a minti, juyi ɗaya na cin wajen milisakan 8, kenan da ƙyar ka wuce fsync 120 a sakan. Layi 50,000 kowane da COMMIT nashi, minti 7 ya tafi tun ba a sa kai-da-komon netwok ba. Kuma in MySQL 8.0 ce binlog, littafin da take rubuta duk canjin da aka yi, a kunne yake zuwa, saitin sync_binlog a 1, na innodb_flush_log_at_trx_commit ma a 1, wato kowanensu sai ya jira diski, sai jiran ya zama biyu a kowane COMMIT. Laftof ɗinka SSD gare shi a jikinsa, diskin nan mai sauri da ba ya juyawa, sa hannun nan take ne, shi ya sa ba ka taɓa ganin aibin manhajar ba.

Kafin ka taɓa komai ka auna. Wannan umarnin na fio, manhajar gwajin diski, nake amfani da shi:

fio --name=gwaji --directory=/inda/kake/so --rw=write --bs=4k --size=20m --fdatasync=1

Ka buga shi sau ɗaya a diskin sabar, wato kwamfutar da MySQL ke aiki a kanta, sau ɗaya a kan NAS, ka kwatanta IOPS (yawan rubutu a sakan) da lokacin sync ɗin.  Ka kuma duba da umarnin ethtool ko gudun layin netwok na kan megabit 1000 ko ya faɗo 100, don 1000 ɗin, wato gigabit, sai wayoyi 8 ɗin nan na cikin kebul duk sun kama, 100 kuwa 4 sun ishe shi, in an matse kan kebul da ganganci zai yi aiki lafiya lau ba ka san ya faɗo ba. Nawa haka na tarar da shi, na gyara ina murna, saurin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba. In kuma akwai WiFi tsakanin sabar da NAS to cire shi tukuna sannan mu yi magana.

Abin da ya fid da ni kunya a manhajar yake. Wanda ya rubuta ta ya bar autocommit a kunne, wato duk layi ɗaya da COMMIT nashi, tafiya ɗaya, har rasit ɗin manomi guda sai ya taɓa teburin bayanai huɗu kowane da jiransa. Muka haɗa rasit ɗin cikin transakshan ɗaya, wato COMMIT guda ga rasit ɗin duka, lodin yamma kuma muka riƙa tura layi 1,000 sannan COMMIT. Tafiya 50,000 ta koma 50. Ko sisi ba a kashe ba, ni da na sa oga ya sayi sabon suwic sai sunkuyar da kai.

Za ka samu masu ce maka mayar da innodb_flush_log_at_trx_commit zuwa 2, ko ka sa async a saitin NFS. Eh zai yi gudu, ba ƙarya. Amma 2 ɗin nan ma'anarta in wuta ta ɗauke kana iya rasa rubutun kusan sakan guda, async kuwa ya fi muni, NAS ɗin ne zai ce ya rubuta alhali abin na cikin memori, ɗaukewar wuta ɗaya tana iya lalata maka databes ɗin gaba ɗaya. Mu da muka san yadda wuta take a nan, ga batirin inbata da zafin Afrilu ya gama dafawa, ni dai ba na sa kuɗin manoma a wagga caca. Ko mutanen MySQL ɗin da kansu sun yi gargaɗi kan ɗora fayilolinta a NFS, don bayan ɗaukewar wuta fayil na iya maƙalewa a kulle. SQLite kuwa, wata ƙaramar databes, kar ma ka fara ɗora ta kan NFS.

Da ni ne kai, SSD mai kyau zan sa a cikin sabar, irin mai kariyar ɗaukewar wuta in aljihu ya yarda, databes ta zauna nan, NAS ya koma wurin ajiye bakof na kowane dare, a sa UPS ga duka biyun. Ka turo mini abin da fio ya ba ka a wuraren biyu da irin faifan da ke cikin NAS ɗin, sai mu ga ko akwai sauran abin da ya ɓuya.